Ƙafar da Za Ta Tafi Aiki Gobe

Rubutu ba sana'ata ba ce. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma tun da na zo Riyad tuƙi nake yi: in kai yaran kafilina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, makaranta a Malaz, in kai mahaifiyarsu kasuwa, in wanke mota, in koma ɗakina a Gubaira. Ni mutum ne mai yawan damuwa. Nakan kulle mota in yi gaba, sai in dawo in ja ƙofar in ji ko ta kullu. Nakan shafa aljihu a hanya in ji ko igamata, katin izinin zamana, tana nan, ko da yanzu na gama shafawa. Magana ma haka nake yi da ita, sai na juya ta a raina kafin ta fita, don ina tsoron ranar da za a tsayar da ni a tambaye ni abin da na faɗa a kan wani. Saboda haka abin da zan faɗa a nan idona ne ya gani, ko kunnena ya ji, wanda kuma ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne an ɗauki sunan mutumin kirki an liƙa wa mugun aiki, shi kuwa yana kwance a gida, bakinsa ba ya iya kare shi.

Akwai wani fili a bayan garejojin unguwarmu, ƙasa ce tsurarta mai tauri, da tsakuwa da ɓaraguzan gini a gefe. Ranar Juma'a bayan la'asar samarinmu na Najeriya da na Nijar sukan taru a nan su buga ƙwallo. Leburori ne da direbobi da masu kai saƙon abinci, mutanen da duk mako ba a kiran sunansu sai dai a ce musu yalla, wato yi maza. Mu tsofaffi mukan zauna a kan tsofaffin tayoyi muna kallo. A wata Juma'a da ba ta daɗe da wucewa ba, wani magidanci da muke kira Ɗan Maraɗi, mai aikin shafen gini, ya ɗauko ƙwallo ya wuce mutum biyu. Yana da gudu, kuma yana yin sa yana dariya. Sai na ji bakin fili ya ɗauki ihu: "Dogo, yi masa Ganuwa! Yi masa Ganuwa!" Dogo saurayi ne haifaffen nan, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Ya taho ta baya a guje, ya tashi sama da ƙafa biyu ya sauka a kan ƙwaurin mutumin. Ƙarar da na ji irin ta busasshen icce ce idan an taka shi. Kafin wani ya durƙusa ya riƙe kan Ɗan Maraɗi, wayoyi sun riga sun fito ana ɗaukar hoto. Wani ma cewa yake: "Kai, wannan Ganuwa ce ta asali, irin ta mutanen da!"

Ganuwa sunan mutum ne. Ba shi ne sunan yankansa ba, mu ne muka sa masa, kuma na fi kowa sanin dalili, domin ni ne golan da ya tsaya a bayansa duk tsawon shekarun da ya yi yana wasa. Ya girme ni kaɗan, Yaya nake ce masa. A masaƙar garinmu muka haɗu muna samari, lokacin da jiniyar kamfani ce ke tashin gari ba agogo ba. In ta yi kuka da sassafe sai ka ji ƙarar kekuna ta cika titi, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a baya. Cikin ɗakin saƙa ba a jin magana saboda rugugin inji, da hannu ake yi, kuma auduga takan kwanta a gashin ido har ka fito kamar tsoho. Ana tashi sai mu wuce fili a bayan katangar kamfani. Mu ne masu share shi, mu ne masu ja masa layi da toka a cikin gwangwanin da aka huda. Ƙwallon ta fata ce mai ɗinkin igiya, in ta sha ruwan damina takan yi nauyi kamar tulu, wanda duk ya sa mata kai wajen ɗinkin sai ya kwana da shaida a goshi. Takalmanmu shumeka ne ke buga musu ƙusoshi a ƙasa, wani lokaci ƙusar ta ɓullo ta ciki, ka gama wasa ka tarar da safa ta jiƙe da jini. Kowa shi ke wanke rigarsa da sabulun sanda ya shanya a igiyar gidansu. Yanzu ina ganin yaran nan da riguna masu sunayen Turawa a baya da takalma kala-kala, amma ba wanda zai sunkuya ya tsince tsakuwar da za ta yanke shi.

Yaya shi ne mutum na farko a garinmu da aka ce ya bar inji ya riƙa buga ƙwallo kawai, albashinsa yana tafiya. Ko akwai wani kafin shi a wani gari, ban sani ba, na garinmu nake faɗa. Abin ya zama abin magana. Dattawan unguwa suka ce wane irin aiki ne wannan, ƙato ya bi fata yana gudu a biya shi. Mahaifinsa ya daɗe ba ya amsa wa mutane in sun tambayi sana'ar ɗansa, sai ya ce yana kamfani. Shi kuwa Yaya abin ya zame masa nauyi, ba abin taƙama ba. Tun da an ce aikinsa ke nan, sai ya riƙe shi kamar aiki. Lokacin da muke shiga ɗakin saƙa shi yana fili shi kaɗai, yana gudu da baya, yana juyawa hagu da dama, yana buga ƙwallo a katanga tana dawowa yana tarewa. In mun fito hutun azahar sai mu same shi yana shafa wa ƙwallayen man kaɗanya don kada fatar ta tsage. Ya ce da ni wata rana: "Ku kuna shaƙar auduga ana biyan ku, ni ina shan iska ana biya na. In na yi wasa da wannan aikin, haram zan ci."

Lamba biyar yake sawa. Ba shi da tsawo sosai, amma yana da faɗin kafaɗa, kuma kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Na san bayansa fiye da yadda na san fuskarsa. A cikin wasa bai taɓa juyowa ya dube ni ba, muryata kawai yake bi. In na ce hagu ya matsa hagu, in na ce akwai mutum a bayanka ya ja da baya, in na ce bar ta, sai ya sunkuyar da kai ƙwallo ta wuce ta faɗo hannuna. Ni da nake rawar jiki tun daga ranar da aka sanar da wasa, da zarar na ga wannan bayan a gabana sai hankalina ya kwanta. Yadda yake tare mutum kuwa, ba faɗuwa yake yi ba. Wandonsa yakan fita fili fari ya dawo fari. Sai ya tsaya gaban ɗan gaba ya ɗan rusuna, yana ja da baya a hankali, yana kallon ƙwallo ba ƙafar mutum ba, yana tura shi gefe har sai fili ya ƙare masa. Ɗan gaba ya yi rawarsa ya gaji, ya ɗan saki ƙwallon ta yi nisa da tafin ƙafarsa, sai kawai ka ga Yaya ya sa ƙafa ya ɗauke ta kamar mai ɗaukar kwano a gaban yaro. Mutum ya zo da gudu ya rasa ta inda zai wuce, shi ya sa muka ce masa Ganuwa. Ganuwa tsayawa take yi, ba ta bin kowa ta baya.

Kocinmu wani tsohon soja ne mai gajeren haƙuri, da usur a wuya da carbi a aljihu. Yana da doka ɗaya da ba a rubuta ta ko'ina ba, kuma ba mu kaɗai ke bin ta ba, duk ƙungiyoyin ma'aikata na yankinmu sun san ta. In ka ji wa mutum rauni a fili, da gangan ko da kuskure, to kai ne mai jinyarsa har ya taka. Yakan ce: "Alƙalin wasa ya busa ya tafi gidansa. Kai da ka karya, kai za ka ɗauka." Sau ɗaya na ga abin ya faɗa kan Yaya. Sun yi tsalle tare da wani ɗan wasan ƙungiyar majema, suka sauko, ƙafar mutumin ta gurɗe a ƙarƙashin tasa. Ba wanda ya ce laifinsa ne. Amma da aka tashi, shi ya goya mutumin a baya har gidan mai ɗori, shi ya riƙe shi lokacin da ake ja yana ihu. Daga ranar kullum da safe sai ya ari kekena ya tafi unguwar majema. Ya ɗebo wa gidan ruwa, ya faskara itace, ya wanke kayan mutumin, ya riƙe shi ya kai shi bayan gida ya tsaya a ƙofa. Matar gidan tun tana jin kunya har ta saba, ta riƙa aiken sa cefane. Wanda ya taɓa wanke wandon mutumin da ya gurɗe wa ƙafa, ba sai an yi masa wa'azi a kan yadda zai sa ƙafa ba.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta wasanmu da ƙungiyar kamfanin man gyaɗa, wasan da wanda ya ci zai ɗauki kofin yanki. Suna da wani ɗan gaba siriri, baƙi, mai gudu kamar an kunna masa wuta. Shi ba a ɗauke masa aiki kamar Yaya ba, da safe buhunan gyaɗa yake saukewa daga mota, da yamma ya zo ya wahalar da mutane a fili. Kafin a fara muna ɗaure takalma a ƙarƙashin bishiyar maina, sai ga manajanmu ya zo da kansa, abin da bai saba ba. Ya kira Yaya gefe, amma ba nisa, na ji komai.

"Wancan siririn," in ji manaja, "ba na son in gan shi a tsaye bayan hutun rabin lokaci. Ka gane?"

Yaya ya ce: "Ranka ya daɗe, zan tsare shi."

"Ban ce ka tsare shi ba. Don me nake biyan ka kana kwana kana tashi ba ka taɓa inji?"

Yaya ya dubi can ɗaya gefen inda siririn yake tsalle-tsalle yana ɗumama jiki. Ya ce: "Ranka ya daɗe, da wannan ƙafar zai tafi aiki gobe. Ni in na kwanta albashina yana zuwa. Shi in ya kwanta, gidansu ba a ɗora tukunya."

Manaja ya juya ya tafi rumfar manya.

Duk wasan nan Yaya yana manne da mutumin kamar inuwarsa. Ya hana shi juyawa, ya hana shi numfashi, kuma bai taɓa ƙwaurinsa ba. Har aka kusa tashi ba wanda ya ci. Sai wata ƙwallo ta zo daga sama ta yi tsalle a kan wani tudu, ta tsallake kan Yaya, siririn ya riga shi juyawa ya fita da ita. Ina ganin su suna tahowa kaina, siririn a gaba, Yaya a bayansa taku ɗaya. Duk filin ya san abin da ya rage. Mutanenmu suka miƙe suna ihu: "Sare shi! Sare shi!" A lokacin ba a korar mutum don wannan, iyakaci a busa a ba da bugu. Yaya bai sare shi ba. Ya ƙara gudu ya zo kafaɗa da kafaɗa da shi yana tura shi gefe, har kusurwar ta matse, amma mutumin gwani ne, ya buga ta a hakan, ta wuce ni ta daki ƙarfe ta shiga. Ba zan ɓoye ba, an ci mu, kofi ya tafi. Da aka tashi, mutanen da jiya suke ɗaga Yaya a kafaɗa su ne suke jifan sa da ɓawon rake, suna cewa an saye shi. Da sati ya kewayo manaja ya mayar da shi kan inji, ya ce tun da tausayin leburori yake ji, ya je ya zauna da su. Ya koma, ya shaƙi audugarsa tare da mu har aka ga ƙwallaye suna shiga ragata kamar ba kowa a gida, sannan aka sake kiran sa. Wannan shi ne mutumin da yau ake kiran sunansa in za a karya ƙafar wani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda wasansa ya ƙare. Zamani ya fara canzawa, ƙungiyoyi suka fara ɗauko 'yan wasa daga nesa, mutanen da ba su san unguwar kowa ba, ba su san matar kowa ba. A wani wasa Yaya ya karɓe ƙwallo ya juya zai ba da ita, wani baƙon ɗan wasa ya taho ta baya ya tashi da ƙafa biyu ya sauka a kansa. Irin shigar da Dogo ya yi wa Ɗan Maraɗi, ita ce sak. Ni na fara isa wurinsa, na ga ƙashi ya huda safa. Wanda ya yi abin ya hau motarsu a yammacin nan, ko sannu bai aiko ba. Mu muka yi jinya. Ƙafar ta haɗe a karkace, kamfani ya ba shi ɗan abin sallama, aka ɗauko wani aka ba shi lamba biyar. Bayan wasu shekaru masaƙar ma ta mutu, jiniya ta yi shiru, kowa ya kama gabansa, na rasa inda Yaya ya shiga.

A nan Riyad na sake ganin sa, a wani masallaci kusa da kasuwar Utaiƙa, inda na kai uwar gidan kafilina sayen kayan marmari. Ina sahu na biyu, sai na ga wani baya a gabana, kafaɗar dama ta ɗan sauka. Allah ya yafe mini, sallar nan ban san me liman ya karanta ba. Ana sallamewa na matsa kusa da kunnensa na ce a hankali: "Bar ta." Bai juyo ba, sai ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa saboda dariya. Gadi yake yi a wani dogon gini a Malaz, yana wanke motocin masu haya, yana hawa da sauka da tulunan gas a kan wannan karkatacciyar ƙafar. Daga nan muka riƙa zuwa filin Juma'a tare. Ba ya magana, sai dai in an yi mummunar shiga ya kau da kai. Samarin suka ji ina ce masa Ganuwa, suka ji an ce lamba biyar ne na zamanin da, suka ga tabo da ɗingishi. Ba wanda ya zauna ya tambaye shi komai. Da kansu suka yanke cewa mai irin wannan tabon lallai ya karya mutane da yawa. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, kafilinsa ya buga masa huruj, wato fita ba dawowa, muka raka shi filin jirgi a keken guragu. Yana gida yanzu wajen 'yarsa, yana ji amma ba ya iya mayarwa. Yana tafiya suka ɗauki sunan suka ba wa saran ƙafa ta baya.

Satin da aka karya Ɗan Maraɗi ban samu sukuni ba. Na je na gan shi, an naɗe ƙafar da simintin asibiti har gwiwa. Ɗakinsu yana can saman wani tsohon bene marar lif, sai dai a taka matakala, bayan gida a ƙarshen baranda, abokan ɗakinsa kuwa tun asuba mota take kwashe su zuwa wurin gini. Shi kaɗai yake wuni, da gorar ruwa da wata gorar ta fitsari. Ya ce kamfaninsu sun ce za su jira shi kaɗan, amma bai san iyakar kaɗan ɗin ba, kuma bai faɗa wa matarsa ba tukuna. Na dawo ina ta saƙa da warwara. In na yi magana a fili, yaran nan za su yi mini dariya. In rigima ta tashi aka kira 'yan sanda, ni da nake baƙo a ƙasar mutane me zan ce wa kafilina? In kuma na yi shiru, ranar da na koma gida da wane ido zan dubi Yaya? Ina tuƙi ina haɗa maganar a baki, har ƙaramin yaron gidan ya tambaye ni da wa nake faɗa.

Da Juma'a ta zo, suna shirin farawa, na tashi daga kan tayata na taka har cikin raga na tsaya.

"Kai jama'a, Baba gola ya dawo!" in ji wani. "A ba shi safar hannu!"

Aka yi dariya. Dogo ya taho yana murmushi, ya kira ni kawu da Larabci, ya ce: "Ya ammi, yalla, fita mana, rana tana tafiya."

Na ce: "Ba zan fita ba sai kun mayar mini da sunan yayana."

"Wane suna kuma, Baba?"

Sai na faɗa musu. Ban iya tsara magana ba, na fara ta tsakiya na koma farko, amma na faɗi na manaja, na faɗi na siririn, na faɗi na unguwar majema, na faɗi wanda ya karya shi da yadda aka karya shi. Dogo ya ɗaga kafaɗa ya ce: "Wallahi labari mai daɗi. Amma akwai bidiyo? Abin da babu a waya, Baba, ai hira ce."

Nan ne raina ya ɓaci har tsoron ya gudu. Mutum ya yi rayuwarsa gaba ɗaya da jini da gumi, a ce bai faru ba don ba a ɗauka a waya ba! Na ce: "Na Ɗan Maraɗi fa, akwai shi a wayarka?"

"Akwai."

"Sau nawa ka kalla?"

Ya kau da kai gefe.

"Shi mai ƙafar, ka je ka gan shi?"

"Na tura masa saƙo. Na ce masa salamat, Allah ya ba da lafiya. Ƙwallo ce, ya ammi, ba da gangan ba ne, halas, shi ke nan."

"Saƙon ne zai kai shi bayan gida?"

Wani daga cikin 'yan Damagaram ya ce: "Gaya masa dai, Baba." Wani kuma ya ce a bar tsoho ya huta, a buga wasa. Na ce da Dogo: "Ban ce da gangan ka yi ba, ban shiga zuciyarka ba. A wurinmu ba a tambayar wannan. Wanda ya karya shi ke ɗauka. In kana son ka yi abin da Ganuwa yake yi, ɗakin yana saman benen da ke bayan gidan burodi." Na fita daga ragar na kama hanya, ban tsaya kallon wasan ba. Ina tafe ina tuhumar kaina ko na yi tsanani, ko na kunyata ɗan mutane a gaban abokansa, ko akwai kalmar da na ƙara wadda ba haka ta faru ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban sami ƙari ba.

Ba zan ce filin ya gyaru ba. An faɗa mini har yanzu akwai masu ihun nan in wasa ya yi zafi, ko da yake wai wasu sukan ce musu su bari. Ban kuma san ko ƙafar Ɗan Maraɗi za ta haɗe kafin haƙurin kamfaninsu ya ƙare ba, wannan yana cikin abubuwan da nake kwana da su. Abin da na gani da idona shi ne wannan. Ranar da Ɗan Maraɗi zai koma asibiti a duba simintin, na roƙi kafilina ya ba ni motar bayan azahar. Na hau benen ina haki, ina tunanin yadda ni kaɗai zan sauko da ƙato. Da na kai baranda sai na ga kaya a shanye a igiya, an wanke su wankin wanda bai iya ba, duk sabulu bai fita ba. Daga cikin ɗaki na ji muryar Ɗan Maraɗi yana cewa: "Baba, zo ka ga ma'aikacin da ka samo mini. Shinkafa ya dafa jiya, da cokali muka yanka ta."

"Uskut, yi shiru, kai dai hau," in ji Dogo. Yana durƙushe a bakin katifa ya ba da baya. Bai dube ni ba. Ɗan Maraɗi ya rungumi wuyansa, Dogo ya miƙe da shi da ƙyar, farar ƙafar tana reto a gefe. Matakalar benen matsattsiya ce, ga duhu, ga wasu matakan sun gutsure, kuma mai goyo ba ya ganin inda yake sa ƙafa. Suka fara sauka ina biye da su, ina riƙe da sandunan dogarawar Ɗan Maraɗi. A hawa na tsakiya wani ɗan Zinder ya buɗe ƙofarsa ya leƙo, ya ce: "Lafiya? Dogo, me kake yi haka?"

Dogo yana nishi ya ce: "Ganuwa nake yi masa."

Sai na hango wani gutsurarren mataki a gabansa, daidai inda zai taka. Muryar da na yi shekaru ban yi amfani da ita ba ta fito da kanta.

"Hagu!" na ce.

Bai juyo ba. Ya matsa hagu.